Littafin Aro

Kwafi ɗaya ya rage a shagona na Ƙofar Guga,
bangonsa ya yage, mai saye ya ƙi shi,
sai na mai da shi na aro: ka karanta, ka dawo da shi.
Zancensa ɗaya ne daga fari har ƙarshe:
in aiki ya zame maka takalmin da ya matse,
ba abin kunya ba ne ka cire, ka taka ƙasa.

Mannir ya fara ɗauka, mai ƙirga kuɗin mutane a banki.
Kwana uku ya dawo, ido jawur, bai yi barci ba.
Ya ce, "Mai littafin nan a ƙarƙashin gadona yake kwana?
Shekara tara ina lissafin abin da ba nawa ba."
Yau yana Ajiwa, amya goma sha biyu a kan itatuwa,
ƙudan zuma sun kumbura masa kunci.
Kwalbar farko da ya kawo mini, saƙa ta fi zuman yawa,
amma yana dariya har da riƙe ciki.
Mahaifiyarsa kuwa ta daina amsa gaisuwata.

Malama Hurera ta bi shi da jan biro,
ta gyara wa marubucin kuskure uku.
Ta ce, "Ya faɗi gaskiya, sai dai ya makara.
Saura shekara huɗu in ajiye alli,
ba a fafe gora ranar tafiya."
Na ji an ce ta sayi keken ɗinki,
yana ƙuryar ɗaki, lulluɓe da zane,
ba ta taka shi ba tukuna. Tana dai goge shi.

Shafi na arba'in yana da yatsan Sada,
baƙin mai na babur, ba ya fita.
Ya dangwarar da shi a kan teburina:
"Mai ƙoshi ne ke tambayar me ya zo yi duniya.
Ni na san nawa: baki bakwai, ga gero ya hau.
Da ruwan ciki ake jan na rijiya!"
Mako biyu ya sake leƙowa, yana sosa ƙeya:
"Ba ni shi. Ba ni ba ne, yarona ne."
Yaronsa ko yaye bai daɗe da yi ba.

Barira ta karanta shi a aikin dare,
tsakanin allura da kukan jarirai.
Takardar barin aiki na cikin jakarta tun bara.
Ta ce, "Ƙofar fita na shiga nema,
sai na tarar ashe a ɗakina nake."
Da takardar ta naɗe mini ƙosai.

Alhaji Rabe bai ce uffan ba.
Ya miƙo shi, ya daɗe yana kallon titi.
Da ya tafi na buɗe, sai ga katin fansho,
a bayansa zanen gida da fensir,
tagogi shida, da inuwar bedi a tsakar gida.
Shekara talatin da biyar yana buga hatimi,
ashe magini ne ya tsufa a ofis.

Kowa in ya dawo sai ya ce, "Kai fa, Lurwanu?"
In ce ciniki ya hana ni zama.
Ƙarya nake. A shafi na goma na tsaya,
wanzami ba ya son jarfa.
Shagon nan na gada, da kujerar, da bashin,
da wata 'yar takarda a aljihun tebur
inda nake ɓoye baitoci kamar kayan sata.

Yau an ɗauke wuta tun la'asar.
Na ja ƙofa rabi, na kunna fitilar waya,
na lashi yatsa.
Shafi na goma sha ɗaya.